AHUWA DA SAKIN TALALA: INA AKE ZAMAN, WA KE DA IZININ SHIGA?

Duk lokacin da sallar 18 ga Disamba ta ƙarato, gidajen da ke da ɗan'uwa a kaso sukan kasa kunne ga rediyo. Daga Baudeta zuwa Tasawa da Mayahi tambayar guda ce: ina ake zaman ahuwa, kuma yaya mutum zai yi ya halarta domin ya roƙa wa nasa? Mun bi sawun doka domin mu kawo muku amsa.

Jama'a masu karatu, bari mu fara da amsar a taƙaice, tun da ita ce ke ci wa mutane tuwo a ƙwarya. A Nijar babu wani zama da ake yi a gidan kaso a bainar jama'a, inda dangi za su shiga su zauna a benci su ji ana muhawara a kan sakin ɗan'uwansu. Ahuwa takarda ce da shugaban ƙasa ke sa wa hannu a Yamai. Sakin talala shi ma a kan takarda ake yanke shi, a ma'aikatar shari'a. Saboda haka duk wanda ya ce maka ka kawo jika kaza ya sama maka wurin zama ranar ahuwa, kasuwar da ba ta ci ya aike ka.

Amma rashin wannan zama bai ɗaure wa iyali hannu ba. Doka ta bar musu ƙofofi uku a buɗe: zauren kotu ranar shari'a, da ziyarar ɗan kaso, da kuma takardun da ke cikin dosiyensa. Mafi yawan kuɗi da hawayen da ake zubarwa a banza, ana zubar da su ne wajen ƙwanƙwasa ƙofar da babu ita, alhali ga waɗannan uku a gefe ba a kula su ba. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu.

Daga fada zuwa ofis

Ba laifin talaka ba ne idan ya ɗauka cewa ahuwa sai an je an durƙusa. Haka kakanninmu suka san ta. A ƙasashen Katsina da Gobir da Damagaram shari'a ido da ido ce: mai laifi yana hannun Yari, wanda daga sunansa aka samu kalmar gidan yari, dangi kuwa sukan nemi mai gari ko wani malami mai kwarjini ya shige musu gaba zuwa fada neman ceto. A tuɓe takalma, a faɗi a yi gaisuwa, a roƙa, sarki ya duba ya ce an yafe ko ba a yafe ba. A shari'ar Musulunci ma, idan jini ya zuba, magadan mamaci suna da ikon yafewa ko karɓar diyya, kuma a gaban mutane suke furta hakan.

Zuwan Nasara bai kashe wannan ɗabi'a ba. A ƙarƙashin dokar da ake kira « indigénat », kwamanda na da ikon kulle mutum har kwana 15 ba tare da alƙali ya gan shi ba, kuma ba a soke wannan doka ba sai a 1946. Wanda ya kulle ka shi ne mai iya buɗe ka, ga gidansa can a kan tudu, ga tafintansa ana iya yi masa magana da dare. Kalmar kaso kanta daga bakin Faransawa muka karɓe ta.

Bayan samun ƴancin kai a 1960 kiɗa ya sake. Dokar laifuka ta 15 ga Yuli 1961 da dokar tsarin shari'ar laifuka ta 14 ga Agusta 1961, waɗanda aka gina a kan na Faransa, sun rarraba aikin: jandarma ya kama, mai gabatar da ƙara da sunan al'umma ya tuhuma, alƙali ya yanke, gardi ya tsare, shugaban ƙasa kaɗai ya yi ahuwa. Sarakuna da masu gari sun ci gaba da sasanta rigimar gona da aure da gado da bashi, amma ba su da ikon fitar da wanda kotu ta ɗaure. Magidancin Baudeta, wadda ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi bakwai na gundumar Tasawa, idan ya kai kukansa fada za a saurare shi, a ba shi haƙuri da shawara. Makullin dai ba ya can.

Abu uku da ake haɗawa a baki ɗaya

Na farko shi ne ahuwa, wadda ake kira « grâce » da Faransanci. Shugaban ƙasa ke yin ta, ko dai ga mutum guda da ya rubuto takardar roƙo, ko ga jama'a da yawa lokaci ɗaya albarkacin wata sallar ƙasa. Tana rage wa'adin ɗauri, ko ta ɗauke abin da ya saura, ko ta musanya hukunci mai tsanani da mai sauƙi. Ba ta wanke mutum: hukuncin yana nan rubuce a takardar tarihinsa ta shari'a, kuma diyyar da kotu ta ce ya biya wanda ya cuta tana nan a wuyansa. Tsarin mulkin 2010, wanda aka dakatar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ya ba shugaban ƙasa wannan iko, kuma sauyin mulki bai raba ikon da kujerar shugaban ƙasa ba.

Na biyu shi ne shafe laifi, wato « amnistie ». Wannan doka ce takanas da ke ɗauke laifin tun daga tushe, kamar ba a taɓa aikata shi ba. A tarihinmu an fi ganin ta a fagen siyasa: tsarin mulkin 1999 ya shafe laifin waɗanda suka yi juyin mulkin 27 ga Janairu 1996 da na 9 ga Afrilu 1999, na 2010 kuma ya yi haka ga waɗanda suka yi na 18 ga Fabrairu 2010. Wanda aka ɗaure kan satar akuya ko faɗan kan iyakar gona kada ya sa rai da ita.

Na uku shi ne sakin talala, wato « libération conditionnelle ». Sunan da Hausa ya fi bayyana ma'anarsa: an saki dabba ta yi kiwo, amma igiya na ƙafarta. Kamar yadda dokar 1961 ta shimfiɗa shi, ana duba wanda ya riga ya ci rabin wa'adinsa, ko fiye da haka idan ya taɓa shiga kaso ya koma, wanda kuma ya nuna halin kirki a ciki, aka ga alamun zai iya komawa cikin jama'a ya zauna lafiya. Ana haɗa dosiye da ra'ayin shugaban gidan kaso da na mahukuntan shari'a, a aika Yamai, ministan shari'a ya yanke. Wanda aka saka ta wannan hanya, idan ya karya sharuɗɗan da aka gindaya masa ko ya sake wani laifi, ana iya mai da shi ya ƙarasa abin da ya rage masa. Alfarma ce ake yi masa, doka ba ta tilasta wa kowa ya ba shi ita.

Wa ƙudurin ke ambata, wa yake tsallakewa?

Ƙudurin ahuwar gama-gari ba ya zuwa da jerin sunaye. Sharuɗɗa yake kafawa, sannan masu gabatar da ƙara da shugabannin gidajen kaso su buɗe rajista su duba wanda ya faɗa ciki. A ƙudurorin da aka fitar a shekarun baya an saba rage wa kowane ɗaurarre wani yanki gwargwadon tsawon wa'adinsa, a kuma ɗauke sauran gaba ɗaya ga mata masu ciki ko masu shayarwa, da yara, da tsofaffi, da masu cututtuka masu tsanani irin su tarin huka da kuturta da ciwon daji da taɓin hankali. An kuma saba ware wasu laifuka a ce ahuwar ba ta shafe su ba, kamar kisan gilla, da fyaɗe, da ta'addanci, da cin hanci, da wawure dukiyar ƙasa. Sau da dama an mai da hukuncin kisa ɗaurin rai da rai, kuma rabon Nijar da zartar da hukuncin kisa tun 1976.

Misalin da kowa ke tunawa shi ne na ranar 27 ga Maris 2020, lokacin da shugaba Mahamadu Isuhu ya ba da sanarwar ahuwa ga ƴan kaso 1.540 domin rage cunkoso saboda annobar korona. A cikinsu har da Hama Amadu, tsohon firaminista kuma tsohon shugaban majalisar dokoki, wanda ya fito daga gidan kason Filinge a ƙarshen watan. Ba a yi zama ba, ba a kira dangin kowa ba. An karanta jawabi, aka sa hannu a ƙuduri, aka buɗe ƙofofi. Sakin da aka sanar ranar 1 ga Afrilu 2025 na mutum kimanin 50, ciki har da tsofaffin ministoci, ya biyo bayan shawarwarin babban taron ƙasa na Fabrairun shekarar, al'amari ne na siyasa, bai kamata manomi ya auna shari'ar ɗansa da shi ba.

To ga inda gizo ke saƙar. Ahuwa tana aiki ne kawai a kan wanda aka yanke wa hukunci, kuma hukuncin ya tabbata, babu sauran ɗaukaka ƙara a kansa. Shekara da shekaru rahotannin hukumomi da na masu kare haƙƙin ɗan Adam suna nuna cewa fiye da rabin waɗanda ke gidajen kason Nijar jiran shari'a suke yi. A idon doka ba su da laifi tukuna, saboda haka babu abin da za a yafe musu. Sai ka ga mutum biyu a ɗaki ɗaya, an kawo su rana ɗaya kan rigimar ɓarnar gona lokacin kaka: wanda aka yanke wa shekara guda ya ɗauki tabarmarsa ya fita albarkacin ƙuduri, wanda dosiyensa ke kwance a tebur kuwa ya bi shi da kallo. Uwar na biyun tana can ƙauye tana cewa an yi son kai, ko kuwa wani ya ci kuɗinsu bai kai ba. Ba haka ba ne, tsarin ne ya zo da haka.

Ɗaukaka ƙara ma tana da wannan illa. Wanda bai yarda da hukunci ba yana da kwana 10 ya ɗaukaka ƙara a ƙananan laifuka, kuma haƙƙinsa ne da ba mai hana shi. Sai dai muddin ƙarar tana gaban kotun sama, hukuncinsa bai tabbata ba, ahuwar da ta sauka a tsakani za ta wuce shi. Ba muna cewa a bar haƙƙi domin jiran alfarmar da ba a san ranar zuwanta ba. Muna cewa ne a san wannan kafin a yanke shawara, a kuma tambayi masanin doka.

Mai jiran shari'a yana da tasa hanyar dabam: neman sakin wucin gadi daga alƙalin da ke riƙe da dosiyensa, kuma shi da kansa ko lauyansa na iya rubuta wannan roƙo. Gyaran dokar da aka yi a 2003 ya sa iyaka ga tsarewar kafin shari'a: wata 6 da ake iya sabuntawa sau ɗaya a ƙananan laifuka, wata 18 da ake iya ƙara wa wata 12 a manya, in ban da wasu laifuka masu nauyi da aka keɓe. Iyali su rubuta ranar da aka kai ɗansu kaso su adana, domin da ita ake lissafi.

Yadda wasu ƙasashe ke yi

Abin da ke ƙara rikita mutane shi ne abin da suke gani a telbijin da wayoyin hannu. A Amurka lallai akwai irin wannan zama. Jihohi da yawa suna da kwamitin sakin talala da ke sauraron ɗan kaso baki da baki, wasunsu kuma suna barin jama'a su halarta. Mai son shiga yakan ba da sunansa tun kafin ranar, ya zo da wuri da katin shaida mai hoto, a caje shi, ya bar waya a waje, ya sa tufafin da dokar gidan ta yarda da su. Ba ya magana sai an kira shi, ba ya miƙa wa ɗan kaso komai, kuma akan raba dangin mai laifi da dangin wanda aka cuta. Duniya ta kalli irinsa kai tsaye ranar 20 ga Yuli 2017, lokacin da kwamitin jihar Nebada ya saurari tsohon ɗan wasa O. J. Simpson, ya saurari ƴarsa da ɗaya daga cikin mutanen da ya yi wa fashi, sannan ya amince a sake shi.

A Ingila sai a Disamban 2022 aka yi zama na farko da aka bar jama'a suka bi, shi ma daga wani ɗaki dabam ta na'urar bidiyo. Faransa, wadda muka gaji dokarta, ta sauya hanya: tun daga dokar 15 ga Yuni 2000 alƙalai ne ke yanke sakin talala bayan sun saurari ɗan kaso da lauyansa da mai gabatar da ƙara, amma ƙofa a rufe. Ahuwar gama-gari ta sallar 14 ga Yuli kuwa shugaba Sarkozy ya daina yin ta a 2007, gyaran tsarin mulkin 2008 ya taƙaita ahuwa ga mutum ɗaiɗai.

Wanda ɗan'uwansa ya je neman kuɗi Katsina ko Daura ko Kano ya faɗa hannun hukuma a can, ya sani tsarin Najeriya dabam yake. Sashe na 175 na tsarin mulkinsu ya ba shugaban ƙasa ikon ahuwa a laifukan tarayya, sashe na 212 ya ba gwamna a laifukan jiha bayan ya ji shawarar kwamitin jinƙai. Manyan alƙalan jihohi kuma sukan zagaya gidajen yari su saki waɗanda suka daɗe ba a yi musu shari'a ba. Wannan zagaye shi ne mutanenmu ke ji a gidajen rediyon maƙwabta, su ɗauka haka ake yi a Tasawa.

Zaman da kowa ke da izinin halarta

Zaman da doka ta buɗe wa jama'a a ƙasarmu shi ne na kotu ranar shari'a. Ba a biyan ko dala, ba a neman izinin kowa. Mutum ya zo da wuri cikin kamala, ya kashe wayarsa, ya miƙe idan alƙali ya shigo, ya kama bakinsa ko da ya ji abin da bai yi masa daɗi ba, domin alƙali na da ikon fitar da mai hayaniya, har ya hukunta shi. Ba a ɗaukar hoto ko murya. Wanda aka kira a matsayin shaida yakan jira a waje sai an neme shi. Ana rufe ƙofa ne kawai a shari'ar yara, ko inda alƙali ya ga sirrin mutane ko zaman lafiya na bukatar haka. Wanda ake tuhuma, idan ba ya jin harshen da ake shari'ar da shi, yana da haƙƙin a ba shi tafinta.

Wannan rana ta fi ranar ahuwa muhimmanci nesa ba kusa ba. A nan ake jin tsawon wa'adi, da tarar da aka ci, da diyyar da za a biya, kuma daga nan kwanakin ɗaukaka ƙara ke fara gudu. Iyalin da ba su halarta ba sukan shekara suna aiki da jita-jitar tasha.

Ƙa'idojin ziyara

Gidajen kason Nijar suna ƙarƙashin ma'aikatar shari'a, gadinsu kuwa an daɗe da damƙa shi ga rundunar tsaron ƙasa da muke kira gardi. Dokar 31 ga Maris 2017 ta shimfiɗa ginshiƙan tafiyar da su, bayan an shekara da shekaru ana aiki da ƙudurin 3 ga Satumba 1999. Wancan ƙuduri ya fito ne kwanaki kaɗan bayan mutum 29 sun mutu saboda rashin iska a wani ɗaki na gidan kason Yamai, abin da ya isa ya tunatar da mu dalilin da ya sa idon dangi ke da amfani a bayan katanga.

Ba a shiga ziyara sai da takardar izini, wadda ake kira « permis de communiquer ». Idan ɗan'uwanka jiran shari'a yake, a kotu ake neman ta, wurin alƙalin da ke riƙe da dosiye. Alƙali mai bincike na iya hana ganawa na ɗan lokaci idan bincike ya bukaci haka, amma hanin ba ya hawa kan lauya. Idan an riga an yanke hukunci, magatakardan kotu ko ofishin shugaban gidan kaso za su nuna maka inda ake karɓar ta. Kowane gida na da ranaku da sa'o'insa, saboda haka a tambaya kafin a biya kuɗin mota daga Baudeta. Matambayi ba ya ɓata.

A je da katin ɗan ƙasa. Wannan shi ne tuntuɓen da ke kayar da mata da tsofaffi da yawa na karkara, waɗanda ba a taɓa yi musu takardar haihuwa ba, balle kati. Wanda ba shi da ita yana iya neman hukuncin kotu da ke tsayawa a madadinta, kuma gara a fara wannan tun ranar da aka kama mutum. A ƙofa za a caje ka, a buɗe ƙwaryar abincin da ka kawo, ba abin mamaki ba ne a ce ka ɗanɗana. Kada ka ɓoye waya, ko ƙwaya, ko wani ƙarfe mai kaifi a cikin tuwo ko a bakin zane. Mai yin haka na iya rasa izininsa, ya jawo wa kansa tuhuma, ya kuma ɓata wa ɗan'uwansa shaidar halin kirkin da sakin talala ya dogara a kanta. Magani kuwa a nuna shi a ƙofa tare da takardar likita.

Ziyara ba kyauta ba ce daga gardi. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na kula da fursunoni, waɗanda aka sabunta a Disamban 2015 aka sa musu sunan Nelson Mandela, sun ce a bar ɗan kaso ya riƙa ganawa da iyalinsa a kai a kai, a tsare shi kusa da gida gwargwadon hali, kada cajin maziyarci ya zama wulaƙanci, kada kuma a mai da hana ganin iyali horo. Hukuma na iya dakatar da ziyara saboda lalura, kamar yadda aka yi a Maris na 2020 lokacin korona. Nisa ma kan yi aikin hani: waɗanda ake tuhuma da ta'addanci a Yamai ake shari'arsu, wasu a tsare su a Kutukale ko Kollo, tafiyar kusan kilomita 800 daga Tasawa.

Abin da ke magana a madadin iyali

Tun da babu zaman da uba zai miƙe ya yi roƙo, dosiye ne ke magana a madadinsa, kuma iyali na iya cika masa baki. Masu duba sakin talala suna son su san inda mutum zai sauka, da abin da zai ci, da wanda zai tsaya masa. Takardar mai gari ko ta magajin gari da ke shaida cewa yana da gida da gona, ko wani maƙeri ko tela ya yarda zai ɗauke shi aiki, tana da nauyi. Ziyarar da dangi ke yi ba fashi ita ma shaida ce cewa mutumin bai zama saniyar ware ba.

Sai batun kuɗi na halal. A biya tara da kuɗin shari'a a inda doka ta ce, a karɓi kitansi a ɓoye shi kamar takardar gona, domin doka ta ba da damar ci gaba da tsare mutum kan tarar da bai biya ba. A nemi wanda aka cuta, ta hannun dattawa, a biya shi diyyarsa ko a fara ragewa, a rubuta. Yafewarsa ba ta soke hukuncin kotu, amma tana sanyaya dosiye, tana kuma share hanyar dawowa gari, domin wanda ya fito zai haɗu da shi a masallaci da bakin rijiya. A nan ne aikin fada da na malamai yake, kuma babba ne.

Idan ɗan kaso na fama da ciwo mai tsanani, a tabbatar likitan da hukuma ta sani ya rubuta, domin ƙuduri ba ya aiki da maganar baki. Idan yaro ne ko tsoho, takardar haihuwa ce za ta nuna shekarunsa. Takardar roƙon ahuwa ta mutum guda ana rubuta ta da sunan shugaban ƙasa, ta bi ta ma'aikatar shari'a. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya ya nemi ofishin hukumar ba da agajin shari'a, ANAJJ, wadda dokar 14 ga Disamba 2011 ta kafa domin marasa galihu, tana da rassa a manyan kotuna irin ta Maraɗi.

A kiyayi ƴan kamasho da ke shawagi a bakin kotu da inuwar gidan kaso. Dabararsu tsohuwa ce: sun san lissafin ƙuduri, sun san wanda zai fita ko da ba a ba kowa komai ba, sai su karɓi kuɗin tunkiya ko na buhun hatsi, mutum ya fito su ce aikinsu ne. In bai fito ba su ce kuɗin ne bai kai sama ba.

Kira ga mahukunta

Ba lallai sai mun kwaikwayi Amurka ba kafin talaka ya san matsayinsa. Abin da ake bukata bai fi ƙarfin hukuma ba. A karanta kowane ƙudurin ahuwa dalla-dalla a gidajen rediyon karkara, da sharuɗɗansa da waɗanda ya ware. A liƙa ƙa'idojin ziyara a ƙofar gidajen kason Tasawa da Mayahi da boko da ajami, a rubuta ɓaro-ɓaro abin da ake biya da abin da ba a biya. A ba duk wanda ya nemi sakin talala amsa a rubuce, ko ta yi daɗi ko ba ta yi ba. Kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, kuma ƙofar kaso na cikin wuraren da ya kamata a fara ganin amfanin haka. Sama da duka, a hanzarta shari'ar masu jira, domin su ne mafi yawa, kuma su ne ahuwa ba ta san da zamansu ba.

Ku kuma iyalai, kada kunya ta sa ku juya wa naku baya. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, zumunta kuwa a ƙafa take. Ku je kotu ranar shari'a, ku nemi takardar ziyara, ku adana kowace takarda. Allah ya fid da mai gaskiya, ya shiryi mai laifi, ya ba waɗanda aka cuta haƙuri.